Yadda muke fama da fosfet a tankin murjani

Sana'armu haɗa tankunan kifin teku ce da kula da su a gidaje da otal-otal, ni da yaran shagona. Kifi yana da juriya, murjani kuwa, wato halittar teku mai rai da ke manne a kan duwatsu, ba ya ɗaukar wasa. Yawancin kiran da nake samu kukansu ɗaya ne: gansakuka ta lulluɓe duwatsu, gilashi ya yi kore, murjanin da aka saya da tsada ya koma ruwan ƙasa. Kafin in taɓa komai sai na auna fosfet, wani sinadari da ke taruwa a ruwan tanki.

Na'urar awo ta kamfanin Hanna nake amfani da ita. A ɗebi ruwa mililita 10 a 'yar kwalba, a zuba hodar awon, a girgiza, a goge jikin kwalbar tas, don ko shatin yatsa yana canja lissafi. Ina so in ga tsakanin 0.03 zuwa 0.1 ppm (ppm na nufin kashi ɗaya cikin miliyan). In ya haura sosai, gansakuka ta sami taki, murjani mai ƙashi kuma girmansa ya ja baya. Sai dai awon kansa yana ruɗi: tankin da gansakuka ta cika yakan nuna kusan sifili, saboda tana shanye fosfet ɗin tun kafin a auna.

Mafi yawansa daga abinci yake shigowa. A gidan da yara da baƙi kowa ya zo sai ya watsa wa kifi, nakan ce, "Alhaji, don Allah mutum ɗaya ya riƙa ba su, kuma abin da za su cinye nan take." Ruwan famfo ko na burtsatse ba ya shiga tankinmu sai ya bi matatar RO/DI mai tace abubuwan da suka narke a ruwa, ma'aunin TDS da ke nuna yawansu ya nuna 0, sannan a haɗa gishiri.

Inda muke shan muhawara da masu tanki shi ne duwatsu. Dutsen murjani yana riƙe fosfet a jikinsa, wanda ya tara shekara da shekaru. Ka canja ruwa yau awo ya sauka, jibi dutsen ya sake sako nasa, ya koma inda yake. Mai gida sai ya ɗauka ba mu yi aiki ba, ya ce a ninka magani. Nan ne nake turjewa. Maganin, wato garin tsatsar ƙarfe da ake kira GFO, yana kama fosfet da ƙarfi, kuma in aka sauke fosfet ɗin dare ɗaya murjani ya kan koɗe, naman jikinsa ya fara saɓulewa. Rabin abin da aka rubuta a gwangwani muke fara sawa, bayan mun ɗauraye shi har jan ruwan ya washe.

Sifili ma ba alheri ba ne. Tankin da aka tatse fosfet ɗinsa ƙarƙaf yakan jawo wata yauƙi mai ruwan ƙasa da ƙananan kumfa a kan yashi, kuma korarta ta fi ta gansakuka wuya. Shi ya sa a tsohon tanki nake faɗa wa mai shi tun farko cewa aikin na watanni ne: canjin kashi 10 cikin 100 na ruwa duk mako, ciyawar teku mai shan fosfet a ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin babban, wadda muke yaga muna zubarwa in ta cika, da awo a rubuce a littafin da muke bari kusa da tankin.