Ruwan ƙanƙarar Hunza da maganin hawan jinin Goggo

Shekaranjiya na je gaida Goggo a Gwammaja, na tarar da ita a tsakar gida kan tabarma riƙe da waya, tana ta maimaita wani bidiyo da aka turo musu a gurup ɗin islamiyya. Wai akwai wasu mutane a ƙasar Pakistan, can kwarin Hunza, da suke kaiwa shekara 120 har 140 ba ciwon komai, wai sirrin shi ne ruwan da yake narkowa daga ƙanƙarar kan duwatsunsu, kuma ga wani ɗan kwalba da za ka ɗiga a ruwanka ya koma irin nasu. Ta ce min "ɗan nan, in na samu wannan ai na huta da ƙwayar hawan jinin nan." Wallahi gabana sai da ya faɗi.

Hunza dai wuri ne na gaske, yana yankin Gilgit-Baltistan cikin tsaunukan Karakoram, kuma ruwan nasu da gaske fari-fari yake kamar an dama farau-farau, saboda ƙanƙarar tana niƙa dutsen da ke ƙarƙashinta ya zama gari, ruwan ya kwaso shi. Garin dutse ne kawai. Maganar shekarun kuwa, mutanen nan ba su da takardar haihuwa a da, tsoho zai faɗi abin da ya faɗa a rubuta, kamar dai yadda kakanninmu za ka tambaye su su ce an haife su zamanin Sarki Alhaji, to zamanin nan ai daga 1926 ne har 1953, wace shekara za ka ɗauka? Wani Ba'amurke, John Clark, da ya zauna da su wajajen 1950 yana ba su magani, ya tarar da zazzaɓin cizon sauro da atini da ciwon ido, kamar ko'ina. Wadda aka tabbatar da takardu ta fi kowa daɗewa a duniya ma Bafaranshiya ce, Jeanne Calment, shekararta 122, ta rasu a 1997.

Abin da ya fi ƙona min rai, a kusa da Goggo ga jarkokin da mai garuwa ya sauke da safe, ƙasan ɗaya har ya yi kore, ba wanda ya san daga wace rijiya aka ɗebo, kuma wannan ruwan su jikokinta suke sha. Taifot da amai da gudawa ta nan suke shigo mana.

Na ce "Goggo, don Allah kar ki bar maganinki sai likita ya ce." Ta yi shiru, sannan ta ce to ta ji. Na sa yara suka wanke jarkokin da omo da tsakuwa, muka ɗora tukunya aka tafasa na sha, ni kuma na ƙirga ƙwayoyin da suka rage a ledarta, saura na kwana 9. Ranar Asabar zan koma da wasu.