Dokar 'Yancin Addini ta Amurka da Gangar Man Larabawa

A shekarar 1998 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar kare 'yancin addini a duniya, wadda ta ɗora wa ma'aikatar harkokin waje nauyin fitar da sunayen ƙasashen da suka yi ƙaurin suna wajen tauye haƙƙin ibada, ta kuma bai wa shugaban ƙasa ikon ƙaƙaba musu takunkumi. Sai a 2004 aka saka Saudiyya a jerin, rana ɗaya da Eritiriya. Ba a jima ba aka hana sayar wa Eritiriya makamai, ita kuwa Saudiyya tun daga 2006 ake ɗage mata hukunci, daga baya ma da hujjar kare muhimmin muradin Amurka. Laifin da aka rubuta musu iri ɗaya ne, amma ɗaya daga cikinsu ba ta da rijiyar mai ko guda.

Tushen wannan rangwame ya girmi dokar da fiye da rabin ƙarni. A watan Fabrairun 1945 Shugaba Roosevelt ya gana da Sarki Abdul'aziz na Saudiyya a cikin jirgin ruwan yaƙi a mashigin Suwez, kuma daga nan aka ɗora alaƙar ƙasashen biyu a kan mai da tsaro. Da Sarki Faisal ya jagoranci Larabawa suka toshe wa Amurka mai a Oktoban 1973 saboda goyon bayan da ta bai wa Isra'ila, farashin ganga ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12, motoci suka yi dogayen layuka a gidajen man Amurka, Turawa suka gane cewa maƙogwaronsu yana hannun wani. Sai dai kuɗin da Larabawan suka tara, bankunan Landan da New York da masana'antun makamai na Yamma suka koma, ta yadda kowane ɓangare ya zama yana riƙe da wuyan rigar ɗan'uwansa. Birtaniya ta nuna haka ƙarara a Disambar 2006, lokacin da gwamnatin Tony Blair ta dakatar da binciken zargin cin hanci a cinikin jiragen yaƙi na Al-Yamamah tsakaninta da Saudiyya, wanda da ɗanyen mai ake biyan kuɗinsa. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Misalin da ya fi ba ni mamaki shi ne na babban masallacin Brussels. A ƙarshen shekarun 1960 Sarki Baudouin na Beljiyam ya miƙa wa Sarki Faisal wani tsohon gini a lambun tsakiyar birnin, aka yi yarjejeniyar haya ta shekara 99, a daidai lokacin da Beljiyam ke neman tabbacin samun mai. Galibin Musulmin ƙasar 'yan asalin Maroko da Turkiyya ne, amma ba a nemi jin ta bakinsu ba game da wanda zai naɗa musu limami. Bayan hare-haren ta'addanci da aka kai Brussels a 2016 gwamnati ta ce koyarwar masallacin tana da hatsari, ta soke yarjejeniyar a 2018, nan ma masallatan labari kawai suka ji.

Akwai 'yan siyasar Turai da ke cewa kada a bari a ƙara gina masallaci a ƙasashensu sai Riyad ta yarda a gina coci. Wannan magana ba ta da madafa, domin Musulmin da aka haifa a Marseille ko Birmingham ɗan ƙasa ne, ba jakadan masarautar Saudiyya ba, kuma bai kamata a yi garkuwa da haƙƙinsa saboda dokar wata ƙasa ba. Lokacin da Suwizalan ta haramta gina hasumiyar masallaci a ƙuri'ar raba gardama ta 2009, hasumiya huɗu kacal ke ƙasar. Haka kuma ba dukan ƙasashen Larabawan Tekun Fasha ne suka zama ɗaya ba. Kuwait da Bahrain sun daɗe da coci-coci, Katar kuma ta buɗe cocin Katolika a wajen Doha a 2008, ko da yake babu gicciye a jikin ginin daga waje, babu kuma ƙararrawa. Masu cika shi yawancinsu leburori ne da 'yan aikin gida daga Filifin da Indiya, waɗanda takwarorinsu a Saudiyya a ɗaki suke ibada a ɓoye. Su ma 'yan Shi'a na Katif a gabashin Saudiyya, da ke zaune a kan arzikin man ƙasar, ba su ga wani abin a zo a gani daga Yamma ba lokacin da aka zartar wa malaminsu Sheikh Nimr al-Nimr hukuncin kisa a Janairun 2016.

Larabawa ma sun san amfani da aljihu. A 2006, bayan zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a Denmark, an kwashe madara da man shanun kamfanin Arla mai hedikwata a ƙasar daga kantunan Saudiyya da Kuwait, kamfanin ya tafka asara duk da ba shi ya yi zanen ba. A Disambar 2023 Denmark ɗin ta yi dokar hana ƙona Alƙur'ani a bainar jama'a, bayan matsin lamba daga ƙasashen Musulmi.

Najeriya ba ta tsira daga wannan lissafi ba. Tun 2009 hukumar Amurka mai sa ido kan 'yancin addini take ba da shawarar a saka ta a jerin, amma ma'aikatar harkokin waje ta yi kunnen uwar shegu a shekarun da Amurka ke sayen kusan ganga miliyan ɗaya a kullum daga gare ta. Daga baya Amurka ta bunƙasa haƙo nata man, cinikin ya faɗi warwas a 2014. An saka Najeriya a jerin a Disambar 2020, aka cire ta a Nuwambar 2021 ana jajibirin zuwan sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, Antony Blinken, Abuja, sannan Shugaba Trump ya mayar da ita a ƙarshen Oktoban 2025, har da barazanar turo soja.