Sigari mai sanyi ita ta fi ba ni wuyar bari

Shekara goma sha ɗaya na yi ina shan sigari, kuma duk tsawon lokacin nan mai mentol nake sha, wadda muke ce wa mai sanyi. Wallahi a da gani nake ta fi sauran sauƙin illa tunda ba ta ƙona maƙoshi, ba ta sa ni tari sosai, sai da na tashi dainawa na gane sanyin nan ne ya riƙe ni.

Shi mentol aikinsa ya taɓa jijiyoyin da ke jin sanyi a baki da maƙogwaro, sai ya danne zafin hayaƙin, to ka ga mutum zai yi ta zuƙa har cikin ƙirji bai ji komai ba alhali nikotin ɗin, wato sinadarin da ke sa jarabar sigari, na nan yadda yake, gubar ma ba abin da ya ragu, kawai ƙararrawar da jiki ke bugawa ce aka kashe. Shi ya sa yara masu koyo suka fi sonta, ni ma da ita na koya.

Sau huɗu ina bari ina komawa. Abin da ya fi azabtar da ni ma ba ciwon kai ba ne, ɗanɗanon ne. In na goge baki da safe da man goge haƙori mai na'a-na'a sai in ji raina ya biya, kamar in kunna kara ɗaya a take, haka cingam mai sanyi, dole na canza su duka.

Kuma ba ni kaɗai ba ne fa. Tun 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce masu shan mai mentol sun fi kamuwa da jarabar sigari, kuma sun fi kasa dainawa. Kanada ta haramta ta a 2017, Tarayyar Turai ta biyo baya a watan Mayun 2020. Amurka ta kawo shawarar haramtawa a 2022 amma aka janye a 2025, abin nan ya ɓata min rai gaskiya, don a can yawancin baƙaƙen fata masu shan sigari ita suke sha, kamfanoni sun daɗe suna tallata musu ita.

A karo na biyar ɗin nan likita na je na gani, na faɗa masa irin wadda nake sha, ya ɗora ni kan filastar nikotin da ake mannawa a fata. Yau wata bakwai ke nan ban kunna ba, amma har yanzu in na ji ƙamshin mentol sai na bar wurin.