Asabar, da tsirkiya ɗaya a tsinke

Na tashi da niyyar wanki, na ƙare da tsinka tsirkiya. Otohaf ɗin nan, wani abin kiɗa na katako mai tsirkiyoyi, da na tsinta a shagon gwanjo makonni uku da suka wuce ita ta cinye mini safiya ɗungurungum. Tsirkiya 36 gare ta, kowacce da ƙusarta da ake murzawa da ɗan makulli, kuma da gani an yi shekaru ba a saita ta ba. Sai na gyara ta ashirin, ta biyar ta kwance. Na kai cikin siraran nan na ƙarshe, na ɗan ƙara murzawa, sai ji na yi tas! Ta shafce ni a bayan hannu.

Ana cikin haka Umma ta kira daga Zariya.

"Me nake ji haka kamar wurin mai gyaran keke?"

Na gaya mata abin kiɗa ne. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, aikin asibiti kika je yi Amurka ko roƙo?"

"Umma, don kaina ne fa, ba gidan biki za ni ba."

"Allah ya sa." Amma na ji dariya a muryarta.

Wajen sha biyu na ɗauki otohaf ɗin na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyata. Ta haura shekara 80, a cikin duwatsun nan na Appalachia aka haife ta, ina ce mata Iya har ta saba tana amsawa. Ba ta ko kalli tsirkiyar da ta tsinke ba. Ta sa tabarau ta leƙa ƙarƙashin sandunan da suka gitta kan tsirkiyoyin. Tawa 15 gare ta, akwai masu 21. A ƙarƙashin kowace sanda an manna ƙyallen ulu mai kauri, an yanke masa giɓi a wasu wurare. In ka danna sandar, ƙyallen ya danne duk tsirkiyar da ba a buƙata, waɗanda suka faɗa a giɓi su kaɗai ke magana, kuma su ne masu jituwa da juna. Abin da mai jita ke murɗe yatsu huɗu ya samu, a nan danni ɗaya ne. Iya ta nuna mini yadda tsirkiyoyi suka ci ƙyallen suka yi masa kwari, shi ya sa waɗanda ya kamata su yi shiru suke gunaguni a ƙasa.

"Ba hannunki ba ne, 'yata. Ƙyallen ne ya gaji."

Makonni uku ina zargin kaina!

Iya ta ɗauka otohaf 'yar duwatsunsu ce ta gado, ban kuma musa mata ba, ko da yake asalinta na Jamusawa ne. Wani Bajamushe mazaunin Philadelphia, Charles Zimmermann, shi ya raɗa mata sunan, ya kuma yi rajistar tasa ƙirar a 1882, siffar da ake kaɗawa yau kuma ta fi kusa da wadda Karl Gütter ya ƙera a Jamus. Masu talla gida-gida da odar gidan waya ne suka kai ta ƙauyukan Appalachia. Daga baya malaman firamare suka riƙa kwantar da ita kan tebur suna koya wa yara waƙa, kuma daga nan raini ya shiga. Har yau akwai makaɗan da ke kallon ta a matsayin kayan 'yan makaranta.

Da la'asar Iya ta ce in saka otohaf ɗin a mota, za mu Hiltons, wani ƙauye a jihar Virginia. Daga garin Bristol bai kai awa ɗaya ba. Mun bi ta State Street, titin da gefe ɗaya Tennessee ne, ɗayan Virginia. A nan ne a 1927 Ralph Peer ya ɗauki muryar mawaƙan nan iyalin Carter a faifai karo na farko: A.P., da matarsa Sara mai otohaf da jan waƙa, da Maybelle mai jita. Wannan hanyar da muke bi cikin sanyin mota, su sun sha ta ne da ƙura, Maybelle da tsohon ciki.

Carter Family Fold wata babbar rumfar katako ce a gindin Dutsen Clinch, kusa da tsohon kantin A.P. da aka mai da gidan tarihi. 'Yarsa Janette ce ta fara tara mutane kiɗa a kantin a 1974, ita ma otohaf take kaɗawa. Daren Asabar ake yi. Ba giya a wurin, abin da ya sa na saki jiki ke nan, ga jikoki ga kakanni kowa da abin zamansa.

Masu kiɗan yau 'yan bulugiras ne, wani salon kiɗan gargajiya na wannan yankin: goge, banjo, mandolin, jita da ƙaton gogen nan na tsaye da ake ja da yatsa. Babu otohaf, ban kuma yi mamaki ba. Tun da Earl Scruggs ya shiga ƙungiyar Bill Monroe a 1945 da banjonsa mai gudu kamar ruwan ƙanƙara kan kwano, salon ya zama na sauri da ƙara, kowa ya fito ya nuna bajinta ya koma. Otohaf a cikin wannan rububi sai ta nutse. Gidanta shi ne kiɗan da, na baranda da coci, inda murya ce gaba. Ni kuwa idona na kan banjo, fata a ɗaure kan da'ira, sai gurmi ya faɗo mini a rai. Ba banza ba, bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka haifar da banjo a wannan nahiyar.

Magariba a nan sai bayan takwas a wannan watan. Na zame na shimfiɗa ɗankwali kan tsakuwa a gefen mota. Wani dattijo da ke shirin tayar da a-kori-kurarsa ya tsaya da makulli a hannu har na sallame.

Da aka tashi, Iya ta ce in buɗe but. Ta sa farcen roba a babban yatsa, na ƙarfe a biyu, ta rungume otohaf ɗin a ƙirji kamar mai lallashin jariri, kunnenta a jikin katakon. Haka Maybelle ta riƙa riƙe ta a shekarunta na baya, a tsaye gaban makirfo. Ni na saba shara tsirkiyoyi gaba ɗaya, kamar mai share tsakar gida. Ita tsunkula take yi, babban yatsa na tahowa daga masu kauri, na tsakiya yana ɗauko amon waƙar daga sirara, hannun hagu na sauya sanda kusan kowace gaɓa. Waƙar coci ce, ban san baitinta ba, amma na ji ta fito sarai. Duk sa'ad da ta iso giɓin da na yi da safe sai ta ɗan ɗaga gira ta tsallake. Mutum biyar ko shida suka fasa shiga motocinsu.

Cikinsu akwai wani mai gyaran kayan kiɗa da ta sani. Ya haska da fitilar waya, ya ce ƙyallen duka sai an sake, aikin yini ne, kuma tsirkiyar ba a saya da ka, kowacce da lambarta. Ya ƙirga da farce daga mai kauri, ya rubuta mini 33 a bayan tikitina.

Yanzu sha ɗaya da rabi. Bayan hannuna ya yi ja ya tasa, wanki na nan a kwando, gobe kuma aikin dare gare ni.