Gwaibar Hajiya da zafin bazara

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina rainon itatuwa da furanni ina sayarwa a bakin titi, wajen Tumfure a Gombe. Ni da yara uku ne. Mu cika leda da ƙasa, mu shuka, mu yi wa mangwaro da lemo aure, wanda ya gina sabon gida kuma ya kira mu mu tsara masa lambu. Kasuwarmu ta damina ce. Daga Yuni zuwa Agusta ko zama ba ma samu, balle tun da gwamnatin jiha ta ɓullo da shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green a 2019, sha'awar dashe ta ƙaru. Amma daga Maris har saukar ruwan farko, in ka ji an kira ni a waya, to ƙorafi ne.

Bara cikin Afrilu wata Hajiya ta tsaya da mota, ta sa direba ya buɗe but, ya fito da gwaibar da aka tumɓuke. Ganyen ya soye ƙurmus.

"Malam, wannan ce ka ce mini tana da juriya?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, a bar ni in je in ga inda aka dasa ta."

Tsakar gidan duk intalok ne, an bar wa itaciyar rami kamar faɗin faranti, jikin katangar da rana ke duka tun azahar har la'asar sakaliya. Na dafa katangar, na janye hannu ba shiri. Mai gadi ya yi ta rantsuwa sau uku yake ba ta ruwa kullum, kuma gaskiyarsa. Da na tura yatsa cikin ramin, laimar ba ta wuce gaɓa ɗaya ba, ƙasanta ƙura ce zalla. Ga kuma ƙwayoyin takin zamani ko narkewa ba su yi ba. Wai sun ga tana yaushi, suka ce yunwa ce.

Yayyafin nan shi ya fi kashe shuka a gidajen mutane. In kullum saman ƙasa kaɗai ke jiƙewa, saiwa sai ta biyo ruwa ta taso sama, inda ranar Afrilu, da zafinta kan kai digiri 40, za ta dafa ta. Ƙaramar itaciya gara ka yi mata gurbi mai faɗi, ka zuba bokiti biyu a hankali ya nutse, ka bar ta kwana biyu ko uku. Kayan miya ne ke son ruwa kullum. Lokacin kuwa bayan asuba ne, ko in rana ta yi sanyi. Kuma a zubar da ruwan farko da ya tsaya cikin tiyo, don da rana har ƙona hannu yake yi. Takin zamani a busasshiyar ƙasa ƙona saiwa yake, a jira damina.

Abin da na fi matsa wa mutane a kai shi ne su rufe ƙasa. Buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, busasshiyar ciyawa, har ganyen dogon yaron da ake sharewa kullum a cinna masa wuta, abin da ke ba ni takaici ke nan. A shimfiɗa kaurin yatsa huɗu. Ɗaga shi da tsakar rana ka taɓa, za ka ji ƙasar da sanyi da laima alhali gefenta ba ya takuwa. Sai dai kar a jingina shi da jikin itaciyar, a bar tazarar tafin hannu, don gara na son wurin. Ni nakan zagaye gindin da toka, ina kuma leƙawa duk mako.

Kowa ya san yadda ruwa yake a Gombe. Na famfo da ake jawowa daga dam ɗin Dadin Kowa ba kowace unguwa yake isa ba, rijiyar burtsatse a wasu wuraren sai an yi nisa ƙwarai, da yawa sai tanka ko 'yan garuwa. Shi ya sa nake cewa a ajiye baho inda ake alwala, a tara na wankin shinkafa da kayan miya. Na omo da bilic kam a'a. Mai hali ya binne tulun ƙasa kusa da shuka, bakinsa a waje, ya cika ya rufe. Ruwan zai riƙa tsatsafowa daidai wurin saiwa, ba abin da rana za ta sha.

Ni ma ba a banza na koya ba. Shekarata ta biyu na samu ɗanyen kashin kaji da araha, na cakuɗa da ƙasa na cika leda ana tsakiyar zafi. Cikin mako guda layi uku na mangwaro suka tafi, kuɗin yi musu aure da na leda duk suka bi ruwa. Tun daga nan taki sai ya yi watanni a tare, ya ruɓe ya huce, kuma baƙar leda ba ta wuni a fili sai ƙarƙashin rumfar zana.

Masu nacin tumatir a wannan lokaci ina ba su haƙuri: zai yi fure, zafi ya kakkaɓe shi. A sa kuɓewa, rama, alayyafo ko zogale. Sabon dashe ma ba na son sayarwa a Afrilu, sai wanda ya matsa. Yarana suna ganin wauta ce a mai da ciniki, su ba su ne ake kira a waya ba.

Hajiya dai sai da muka yi ta ja kafin ta yarda a ɗaga intalok layi huɗu, tana ta lissafa mini abin da ta kashe a kansa. Muka matsa nesa da katanga, muka dasa wata a Yuni, muka rufe gindin da buntu. Ta ratsa bazarar bana lafiya lau. Kuɗin ta biyun ne har yau ta ce ba za ta biya ba, wai canji ne.