Yadda na gyara bango da silin ɗin gidan 'yar tsana da takardar bango mai tudu

Gidan 'yar tsanar da wani kafinta ya haɗa min a nan Agege ɗaki huɗu gare shi, biyu sama biyu ƙasa, da filawud ɗin da na sa aka sayo a kasuwar katako ta Amu da ke Mushin. Daga waje ba laifi, amma cikinsa akwati ne kawai: ga kawunan ƙusa sun leƙo, ga tsaga a kowace kusurwa. Fenti kaɗai ba ya rufe irin wannan, sai ma ya ƙara tona shi. Shi ya sa na nemi takardar bango, farar nan mai zane tudu-tudu da ake mannawa sannan a shafa mata kalar da rai ke so.

Ban sayi naɗi guda ba. Naɗi ɗaya faɗinsa santimita 53 ne, tsawonsa wajen mita 10, ya fi ƙarfin wannan aiki nesa ba kusa ba. Ƙanen maigidana yana bin masu ƙawata gidaje a wajejen Ikeja, shi ya kwaso min guntayen da suka rage musu. Da ya ajiye ledar ya ce, "Anti, duk wannan wahalar don 'yar roba?" Na ce masa ai shi ma don kuɗin wasu yake hawa tsani.

Abin da ya fi ɗaukar min lokaci zaɓen zane ne, kuma nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Yawancin gidajen 'yan tsana a ma'aunin 1:12 ake yin su, wato inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya. Shahararren gidan tsanar Sarauniya Mary da ke fadar Windsor a Ingila, wanda aka kammala a 1924, a wannan ma'aunin yake. Ma'anarsa, ɗakin da tsayinsa mita 3 ne zai koma santimita 25. To furen da ka gani ɗan ƙarami a bangon falo, mai faɗin santimita 10, idan ya shiga ɗakin 'yar tsana ya zama fure mai mita 1.2, ya kusa kai wa mai ɗakin kafaɗa. Da ido a hannu ba a gane haka. Ni rula na ɗauka na riƙa auna kowane zane ina ninka shi sau 12, sannan na tsayar da 'yar tsanar a jikinsa in gani. Cikin guntayen nan, waɗanda suka fi birge ni duk sun faɗi jarrabawa.

Waɗanda suka tsira su ne marasa hayaniya. Akwai wata mai murabba'i-murabba'i, kowanne santimita 5. In aka ninka ya zama santimita 60, daidai girman allunan silin da ake gani a ofisoshi da asibitoci. Ita na sa a silin ɗin falo. Akwai mai ɗigo-ɗigo kamar yashi, wadda bayan fenti ta fito kamar shafen siminti. Akwai kuma wata mai layukan da suka sarƙe da juna, da na gan ta sai tsoffin gidajen ƙasa na birnin Zariya da Kano suka faɗo min a rai, masu zanen da magina ke tayarwa a fuskar zaure. Ban yi mamaki sosai ba, don asalin wannan takarda kwaikwayon aikin magina ne. Wani Bature, Frederick Walton, ya fito da abin rufe bango mai tudu da ake kira Lincrusta a Ingila a 1877, wata irinta mai suna Anaglypta, mai sauƙin nauyi da kuɗi, ta biyo baya a 1887, don mai ƙaramin ƙarfi ma ya samu bango da sili masu zanen tudu ba sai ya ɗauko gwanin filasta ba.

Sai maganar gam, kuma a Legas ba ƙaramar magana ba ce. Wata maƙwabciyata ta ce in dama sitaci kamar yadda masu manna fosta ke yi. Na ƙi. Sitaci abincin kyankyaso ne, kuma da danshin garin nan, kafin damina ta wuce fumfuna ta kama bayan takardar. Farin gam na kafintoci na yi amfani da shi, na ɗan sirka da ruwa. Na fara shafa wa katakon shafe ɗaya siriri na bari ya bushe, don filawud tsirara zuƙe gam yake yi nan take, takardar ta rasa abin kamawa.

Kowane bango na fara fitar da fatan ɗinsa, wato samfurin girmansa, da tsohuwar jarida, kamar yadda nake yi in zan yanka riga, don kafinta komai ƙwarewarsa kusurwoyinsa ba sa zama daidai cif. Da sabuwar reza da rular ƙarfe na yi yankan. Almakashi murƙushe tudun yake yi a bakin yanka. Takardar da bayanta takarda ce zalla tana buɗewa idan ta sha gam, don haka sai a shafa a bar ta 'yan mintuna kafin a manna, in ba haka ba ta yi kumburi a jikin bango.

Sili na fara yi, kuma kife gidan na yi a kan tabarma, silin ya dawo ƙasa, na manna ina kallonsa. Daga nan bangon baya, na bar masa rarar santimita ɗaya ta lanƙwaso kan bangon gefe, sannan takardar gefen ta hau kanta ta rufe tsagar kusurwa. Wajen dannawa soso mai laushi kawai, a hankali daga tsakiya zuwa baki. Duk abin da ya fi haka tauri zai baje zanen, kuma in ya baje ba ya tasowa. Tagogi ban huda su ba sai da komai ya bushe ƙayau, don jiƙaƙƙiyar takarda yagewa take yi a bakin reza. A watan Yuni na yi aikin, ruwa ba ya ɗaukewa, bushewar da fanka na taimaka mata duk lokacin da aka kawo wuta. Wanda ba ya sauri ya bari sai Disamba ko Janairu, lokacin da ɗan hunturun da Legas ke samu yake busar da iska.

Fentin ruwa na shafa, irin na bangon ɗaki, siriri sau biyu. Na gwada mai kauri a kan wani guntu, ya cike kwarmin zanen ya mayar da shi sumul, to amfanin me ke nan? Fentin mai kuwa ƙyallinsa ya yi wa ɗan ƙaramin ɗaki yawa, ga wari, ga jinkirin bushewa. Silin ɗin da kyau a yi masa shafen farko tun kafin a manna, don buroshi ba ya juyawa da daɗi a ɗakin da hannu ɗaya ne kawai ke shiga.

Zanen nan mai sarƙa shi na fi ɓata wa lokaci. Na shafe shi da jan ƙasa-ƙasa, da ya bushe na tsoma buroshi cikin kala mai haske, na goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, sannan na wuce a kan tudun kawai sama-sama. Kwarmin ya zauna da duhunsa, tudun ya yi haske, zanen ya tashi. 'Yar autata ta leƙo ta ce, "Umma, wannan ai zauren gidan Kaka ne." Ɗakin ya zama zaure ke nan, dole na cire gadon da na tanadar masa na saka 'yar tabarma da buta.

Kicin ɗin kaɗai na bari da fenti zalla. Babu zane ko ɗaya cikin guntayen da ya yi ƙanƙantar tayil, don tayil mai santimita 30 a wannan ma'aunin santimita 2.5 yake zama. Na faɗa wa ƙanen maigidan ya sa min ido, in ya ga mai irin wannan ƙananan gidajen ya ɗauko.