Wayar da Na Zo da Ita daga Katsina

Da aka tabbatar mini da gurbin karatu a Amurka, Hajiya ta sayar da ragunan da take kiwo a Daura, ta ce a saya mini sabuwar waya mai layi biyu domin kada ta daina jin muryata. A babbar kasuwar Katsina aka sayo ta, aka saka layina na gida, aka bar ɗaya gurbin domin layin da zan saya idan na isa. Da na sauka a Houston na shiga wani shagon sadarwa, ma'aikaciyar ta sa na danna *#06#, ta shigar da lambar shaidar wayar da ta fito, wato IMEI, a kwamfuta, sannan ta miƙo mini wayar ta ce layinsu ba zai hau kanta ba. Mutane na jere a bayana suna ji, kuma yadda ta riƙe wayar a wulaƙance ya fi maganarta yi mini ciwo, domin abin da ke hannunta gumin mahaifiyata ne.

Wani bawan Allah mutumin Maraɗi, wanda muke haɗuwa a masallacin Juma'a, shi ya fahimtar da ni dalili. A shekarar 2022 manyan kamfanonin sadarwar ƙasar suka rufe 3G, AT&T a watan Fabrairu, T-Mobile a Yuli, Verizon a ƙarshen Disamba, don haka kiran murya ya koma bin 4G ta tsarin VoLTE, kuma kowane kamfani yana da irin wayoyin da ya amince da su. Ga kuma bambancin zango: layukan GSM na gida a kan megahertz 900 da 1800 suke, na nan a kan 850 da 1900, shi ya sa wayar da aka ƙera domin kasuwarmu sau da yawa ba ta kama sabis yadda ya kamata. Wayata lafiyarta lau, kuma har yau ina ganin da an yi mini wannan bayanin cikin mutunci a shagon, da ban fito da ƙunci ba.

A gida mutum yakan cire layi ya saka wani yadda ya ga dama, ya sayi katin naira ɗari a bakin titi. A nan sai da na karɓi waya bisa biya wata-wata, a kulle a layin kamfani ɗaya har in gama biya. Ta gidan ban ajiye ta ba, da ita nake kira ta WhatsApp idan akwai intanet ɗin ɗaki. Hajiya ƙaramar waya take riƙewa, saboda haka sai autanmu ya dawo gida ya miƙa mata tasa, kuma tazarar awa shida ko bakwai ta sa ina idar da sallar asuba su kuma rana ta take. Duk ranar da sabis ya yi rauni a unguwarsu, kalma ɗaya nake ji ta ɓace, in wuni ina tunanin ko ta sha maganinta.

Yanzu autan ya matsa in aiko masa da iPhone. Na gaya masa cewa tun daga iPhone 14 waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da gurbin saka layi, eSIM kaɗai suke karɓa, wato layin da ake ɗorawa a waya ba tare da katin SIM ba, kuma idan an kulle waya a kamfanin nan ba za ta karɓi layin gida ba. Ya ce, "Yaya, kai dai ka aiko, masu gyara sun san dabara." Ban yarda ba, domin ba na son ya tsaya a gaban mai gyara da abin da ba zai yi masa aiki ba. Na ce ya fara zuwa ofishin kamfanin layinsa a Katsina ya tambaya ko za su mayar masa da lambarsa eSIM, kuɗin da na tara a wannan watan kuwa na tura su ne domin asibitin Hajiya.